Saniyar Gwaggo Yalwa da ta Dawo daga Daji

Ku gyara zama in ba ku labarin Gwaggo Yalwa ta Tungar Marke, wani ɗan ƙauye da ke bayan Gurbin Bore, can inda hanyar mota take ƙarewa ta bar mutum da ƙafarsa. In kun taɓa cin kasuwar Zurmi a shekarun baya, ƙila kun gan ta ba ku san ita ce ba. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, da ƙore uku a ka, tana tafe tana magana ita kaɗai. In aka ce mata ta fara taɓuwa, sai ta ce da shanunta take hira, kuma sun fi mutanen kasuwa sauraro.

Bahaushiya ce, 'yar manoma, ba ta gaji tatsa ba. Tana 'yar shekara tara wata Bafillatana mai suna Zuwaira, wadda rugarsu ke sauka a gonar mahaifin Yalwa duk bayan girbi, ta kama hannunta ta zaunar da ita gindin saniya. Lokacin ana zaman lafiya, shanu su ci kara su bar taki, a rabu ana sai wata shekara. A wurin Zuwaira ta koyi yadda ake yi. Maraƙa suna kwana a dangwali, wato doguwar igiyar nan mai madaukai da ake jera su a jiki. Da safe sai a saki ɗaya ya je ya tsotsi uwarsa kaɗan, har hantsa ta sako, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ƙafarta ta gaba. Uwa tana lasar ɗanta, mai tatsa ta durƙusa da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Ba a tsawa, ba a gudu, ba a zuwa da baƙuwar fuska.

Da ta yi aure, akuya ɗaya ta shiga da ita gidan miji. Akuya ta zama tumaki, tumaki suka zama karsana, har ta kai ga shanu bakwai. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Namadi, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne; "kai" take ce masa, ko "mai gidan nan". A duk Tungar Marke, in akuya ta ƙi ɗanta ko tunkiya ta hana nono, Gwaggo ake aika wa.

Akwai wata magana da take yawan yi, wadda ni da kunnena na ji ta fiye da sau goma. Cewa take mai goyo ba ta firgita a banza. Karsana ko ƙadangare ya gilma sai ta zabura ta tsinke igiya. Amma saniya mai shayarwa, ko aradu ta faɗi, ɗaga kai kawai za ta yi ta dubi ɗanta ta ci gaba da tuƙa. "Allah Shi ya sanyaya musu zuciya don nono shi samu hanya," in ji ta. "To ran da kunka ga mai goyo tana rawar jiki, ku bar tambayar ta, ku nemi takalmanku."

Wata shekara Malam Sirajo, malamin dabbobi da ke zuwa rigakafi daga Zurmi, ya ji ta tana faɗin haka, ya ajiye allurarsa ya ce ai maganarta tana cikin littafi. Ya ce akwai wani sinadari da jiki ke zubawa cikin jini in tsoro ya zo, shi ke sa zuciya bugu da gashi tashi. Uwa mai shayarwa, nata ba ya tashi da wuri kamar na sauran. Amma in tsoron ya yi yawa ya daɗe, sai ya rinjayi wancan ɗayan da ke sako nono, hantsa tana cike amma ƙofa a rufe.

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara nawa ka yi kana karatun wanga abu?"

"Huɗu, Gwaggo."

"Kaico. Da ka zo nan, da kwana ukku ya ishe ka, har da hura kyauta."

Cikin shanun nata akwai wata bokolo, irin masu guntun ƙahon nan, mai farin goshi da take kira Kyalla. Ita ce uwar garke, mai sanyin hali, wadda ko yaro zai ratsa ƙarƙashin cikinta. A daminar da nake ba ku labari, Kyalla tana da maraƙi ɗan wata biyu. Matar Namadi kuma, Zulaihat, tana goyon 'yarta ta fari, Rumaisa'u, 'yar wata biyar, mai kumatu kamar an hura.

Ranar wata Lahadi ce, bayan azahar, gero ya fara fitar da kai. Shanun gari duka suna fadama. Zulaihat ta kai wa mijinta abinci gona, tana kan hanyar dawowa da 'ya a baya, sai ta ji ƙugin babura daga arewa, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Ta faɗa cikin gero ta kwanta, ta zaro yarinyar ta danna bakinta a nono don kada ta yi kuka. Mutanen daji ne, suka wuce uku-uku a kan kowane babur, bindigogi a tsaye, kusa da ita har tana jin warin hayaƙinsu. Tana nan kwance har suka koro dabbobin suka sake wucewa ta gefenta. Shanu, tumaki, awaki, ba su bar ko bunsuru ba. Abin da ya rage a gari sai kaji, da maraƙan da ke ɗaure a dangwali.

Ba a kashe kowa ba ranar, har mutane suna cewa an ci sa'a. Zulaihat ta shigo gida da ƙafarta, ba ta yi kuka ba. Washegari nononta ya ɗauke.

Yarinya ta kama, ta ja, ta ja, ta saki ta canyara ihu. Aka dama wa uwar kunun kanwa, ta sha. Aka karɓo rubutu wurin liman, ta sha. Shiru. Masu goyo biyu ne a ƙauyen ban da ita. Ɗaya ta bi danginta Kaura Namoda tun ranar Litinin da sassafe, ɗayar kuma, Safiya, tagwaye gare ta, su ma ba su ƙoshi. Hanyar Zurmi kuwa an ce mutanen daji sun zauna a kanta, ba mai wucewa. Aka gwada ba Rumaisa'u tsinkakken koko, ya bi ta da gudawa. Kafin Talata da yamma kukanta ya koma kamar na 'yar mage, maɗigarta ta fara faɗawa. A bayan gida maraƙin Kyalla shi ma yana nasa, muryarsa ta dushe. Gwaggo tana tsakani, ta ba wannan ruwan dusa, ta ɗiga wa waccan ruwan gishiri da sukari.

Ranar Laraba da hantsi, sai ga Kyalla a ƙofar gida.

Ita kaɗai. Guntun igiya na ja a wuyanta, ƙaya ta tsaga mata cinya, hantsa ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Allah kaɗai Ya san daji nawa ta ratsa. Ta ture zana ta wuce kai tsaye wurin dangwali.

To a nan ne mutanen Tungar Marke suka yi abin da suka saba, wanda a ganinsu shi ne mutunci. Abin alheri ya samu maƙwabci, ai sai barka. Kafin a ce haka gidan ya cika. Mata suna rangaɗa guɗa, tsofaffi suna shafa bayan saniya suna salati, waɗanda aka kwashe wa shanu suna leƙa idonta kamar za ta gaya musu inda nasu suke. Masu babura biyu suka zo daga unguwar yamma har tsakar gida. Shi kuwa Muhtari, ɗan sa-kai mai gadin gari, murna ta kwashe shi ya ɗaga bindigarsa harba-ka-ruga sama ya sake ta.

Kyalla ta yi tsalle ta faɗa kan danga. A ɗaki, Zulaihat ta saki kofi ta dunƙule a bayan gado.

"Muhtari!" Gwaggo ta fito da muciya a hannu. "Ran da sunka zo ina bindigar taka take? Ta tahi ganin gida? Sai yau da saniya ta hi ka zuciya za ka tashe mu da albarushi?"

"Barka na zo yi, Gwaggo."

"Na karɓa. Ɗauki barkarka da hayaƙinka ku hita. Ku duka, ku hita, Allah Shi bar zumunci!"

Da gida ya yi shiru, ta wanke hannu, ta ɗauko ƙwarya, ta saki maraƙi. Ya ruga ya kama. Ya tunkuɗi hantsa da ka, ya sake tunkuɗa. Kyalla ta janye. Ya bi ta, ta ɗaga ƙafa ta shure shi, abin da ba ta taɓa yi wa ɗa ba tun da take haihuwa. Gwaggo ta durƙusa ta gwada da hannu, ko ɗigo. Saniyar tana tsaye ta juya fuska arewa, kunnuwa a miƙe, fatar kafaɗarta tana karkarwa. An zuba mata harawa ba ta duba ba. Ba ta tuƙa. Nono kuwa ga shi nan, cike, taku goma daga yarinyar da ke mutuwa don rashinsa.

Bayan la'asar Maigari ya shigo da kansa, ya tsaya bakin zaure yana juya waya a hannu. Ya ce mutanen daji sun kira. Sun ce saniyarsu ta gudo, kuma sun bi sawunta sun san gidan da ta shiga. A kai ta mashayar gulbi ranar Juma'a kafin a shiga masallaci, in ba haka ba su zo ɗauka da kansu.

"Saniyarsu," in ji Gwaggo.

"Haka sunka ce, Yalwa. Ni ma na so in mayar musu da magana, sai na tuna rai nawa ke garin ga. Dattawa sun ce a kai ta yau ma, a huta."

Namadi ya miƙe zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Ranka shi daɗe, Juma'a sunka ce, Juma'a za a kai ta. Amma kwana biyun nan nawa ne. Ina roƙon abu ukku. Kada a tada babur cikin gari, mai hita shi tura nashi har bayan makaranta. Kada a harba komi. Kuma kada kowa shi zo gaishe ni, ko mutuwa na yi."

Maigari ya dubi ƙofar ɗakin da kukan yarinya ke fitowa a hankali, ya ce ya ji.

Ɗakin Gwaggo na ƙasa ne, mai faɗin ƙofa. Ta fitar da gadonta da tukwanenta, ta baza yashi, ta toshe taga da tsumma, ta ja Kyalla ciki da ɗanta. Ta hura busasshen kashin shanu a kasko a bakin ƙofa, irin hayaƙin da ake yi a ruga don ƙuda, wanda saniya ta sani tun tana maraƙa. Sannan ta je ta kamo hannun surukarta.

Zulaihat kwana uku ke nan ba ta runtsa ba. Ludayi ya faɗi sai ta zabura. Idanunta sun yi zuru-zuru, kullum suna kan ƙofa.

"Taso, ɗiyata, aiki za ki yi min. Ke za ki riƙe igiyar maraƙi."

Ta zaunar da ita a tabarma, bayanta jingine da bango, ta ɗora mata Rumaisa'u a ƙirji, fata da fata, ta lulluɓe su da zane.

"Sa ta a nono."

"Babu komi ciki, Gwaggo."

"Na tambaye ki ko akwai? Sa ta. Ke kuma 'yar ƙawata, kama, ki bar yi muna yanga."

Daga nan ba abin da ya sake faruwa, kuma shi ne aikin. Gwaggo ta zauna gefen saniya tana shafa wuyanta, tana sosa gindin ƙahonta, tana wani gunguni a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne ba kuma magana ba. Ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana gasa hantsar. Ta miƙa mata kanwa a tafin hannu, ta ƙi. Ta ajiye, ba ta matsa ba. Can ta shiga ba su labari, ita saniya da ita Zulaihat, na shekarar da jakin mijinta ya ci takardar zaɓe, da yadda Namadi yana yaro ya sha kanwar shanu ya kwana biyu yana zarya bayan gida. Ba wanda ya yi dariya. Ba ta damu ba, ta ci gaba.

Garin ma ya yi tsit, irin shirun da ba ya yi wa kunne daɗi. Mutane suna tafiya kamar masu tsoron taka ƙwai. Wasu suna ɗaure kaya a ɓoye. An ce an ga mutum biyu a kan tudun arewa, tsaye kawai, suna kallon gari.

Safiyar Alhamis Kyalla ta lashi kanwa. Da rana ta ja harawa baki biyu. Rumaisa'u kuwa ta daina kuka gaba ɗaya, sai ido, abin da ya fi kukan tayar wa Gwaggo hankali, ko da yake ba ta bari an gani a fuskarta ba. Wajen la'asar saniyar ta saki wani dogon numfashi, ta juya wa arewa baya, ta sunkuya ta fara lasar ɗanta daga kunne har wutsiya. Muƙamuƙinta ya fara juyawa.

"Saki igiyar," in ji Gwaggo a hankali. "Sannu. Kada ki tashi."

Maraƙi ya kama. Wutsiyarsa ta fara kaɗawa. Kumfa ta fito gefen bakinsa. Gwaggo ta bar shi ya sha rabonsa, ta janye shi, ta durƙusa, sai ga ƙarar nono yana dukan gindin ƙwarya, tsiririri, tsiririri.

Da jin wannan ƙara Zulaihat ta fashe da kuka. Tun ranar Lahadi sai yanzu. Ta yi shi har da shessheƙa, Gwaggo ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, tatsarta kawai take. Aka tafasa nonon, aka sirka da dafaffen ruwa, aka ɗiɗɗiga wa yarinya da ƙaramin cokali. Ta haɗiye. Ta sake haɗiyewa. Uwar kuwa barci ya sace ta a zaune, 'yar tana manne a ƙirjinta.

Safiyar Juma'a aka sake tatsa, ƙwarya ta kusa cika. Namadi ya tare uwarsa a tsakar gida.

"Inna, nonon ga kwana nawa zai yi? Gobe ya yi tsami. Mu bi ta gonaki da ita mu tahi Kaura."

"Mu tahi, su zo su tarar da wa? Da matar Maigari da tagwayen Safiya?"

Can ya ce to a bar maraƙin, ko ba komai wata rana ya zama sa.

"Kai, ba ka ga abin da ya dawo da ita ba? In munka riƙe ɗan, jibi tana ƙofar gidan ga. Kuma wannan karon ba waya za su yi ba." Ta kwance maraƙin daga dangwali. "Shi ma tahiya zai yi."

Ba ta yarda kowa ya raka ta ba, ta ce namiji a wurin nan tsokana ne. Ta yafa mayafinta, ta ja maraƙi a gaba, Kyalla ta biyo ba tare da igiya ba. Mutane suna leƙe ta kan danga, ba wanda ya ce a dawo lafiya, don ta hana gaisuwa.

A mashaya ta tarar da mutum huɗu a inuwar wani itacen faru, fuskokinsu naɗe da rawani, babura a jingine. Ɗaya ya taso, dogo, bindiga rataye a wuya kamar jakar makaranta.

"Tsohuwa, saniya munka ce. Har da gyara kika kawo?"

"In kunka raba su za ta sake gudowa. Kuma kada a yi mata tsawa in za a tatsa. A bar ɗan shi fara sha. Ba ta son ƙarar..."

"Na sani," ya katse ta. Ya kai hannu ya sosa gindin ƙahon Kyalla, daidai inda ake sosawa. "Cikin shanu anka haife ni."

Ya karɓi igiyar. Ya ɗaga kai ya dubi gonakin da ke bayanta, gero ya yi kore shar har bakin gari.

"Bana kun samu damina," ya ce. "Sai yaushe za ku yanke?"

Ta juya ta kama hanya, ba ta waiwaya ba, tana jin idanunsu a ƙeyarta har ta sha kwanar tudu.

Ta iso gida ana kiran salla. Ta tsaya bakin ɗakinta, wanda har yanzu yake warin shanu da hayaƙi. Zulaihat tana inda ta bar ta, jingine da bango. Gwaggo ta kasa kunne. Wata 'yar ƙara ce ke fitowa daga ƙarƙashin zane, ƙut, sai shiru, ƙut. Ƙarar haɗiya. Gaban rigar Zulaihat, ta ɗaya gefen, ya jiƙe kamar girman tafin hannu.

Zulaihat ta ɗago ido za ta yi magana, Gwaggo ta ɗora yatsa a baki, ta saki labule.

Kaɗan ne ya sauko, bai kai ya ƙosar ba, kuma ta san irinsa: yau ya zo, abu kaɗan zai mayar da shi. Tana cikin wannan tunani sai iska ta kawo ƙugin babur daga wajen gulbi. Ɗaya ne ko biyu, tafiya suke ko tahowa, ba ta iya rabewa ba. Ta dubi labulen. Ta jawo turmi har bakin ƙofar ɗakin, babu ko ƙwayar hatsi a ciki, ta ɗauki taɓarya ta shiga daka da ƙarfinta, tana yi tana luguden da ya cika gidan, don kada wadda ke ciki ta ji.